Rififi na 1955: fim ɗin fashi da ya hana ni bacci

Jiya da daddare na kalli Rififi a waya, fim ne na Faransa baƙi da fari, 1955 aka yi shi, kuma wallahi har yanzu yana raina. Da farko na ɗan yi jinkiri saboda Faransanci suke yi, sai dai ka bi rubutun Turanci a ƙasa, amma ashe inda fim ɗin ya fi daɗi ma ba a magana kwata-kwata.

Labarin Tony ne, ya fito daga gidan yari bayan shekara 5, ga tari ga talauci, caca ta cinye ɗan abin hannunsa. Sai suka haɗu su huɗu, shi da Jo da Mario da wani gwanin buɗe akwatin ƙarfe ɗan Italiya mai suna César, za su fasa shagon gwala-gwalai a birnin Paris. To wajen fashin nan fa, kusan minti 30 ba magana ba kiɗa. Ta gidan da ke saman shagon suka shiga suka fara huda ƙasa a hankali, suka zura lema ta ramin suka buɗe ta don ɓaraguzan su dinga zuba ciki kar su faɗi ƙasa, ƙararrawar kuma kumfar abin kashe gobara suka ɗura mata har ta yi shiru. Akwai inda hannun Jo ya taɓa fiyano ya ɗan yi ƙara, ni da nake kwance a ɗakina sai da gabana ya faɗi. Gumi kawai kake gani a fuskokinsu da kallon agogo, kamar leburori a bakin aiki.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka nuna birnin. Titi jiƙe da ruwa, gari ya yi duhu-duhu, ƙananan ɗakuna, gidan rawa cike da hayaƙin sigari. Ba wanda ya burge ni a matsayin babban ɓarawo, mutane ne gajiyayyu masu iyali, Jo ma yana da mata da ɗan ƙaramin yaro. Kuma ba 'yan sanda ne suka rusa su ba, zobe ɗaya César ya ɗauka ya ba wata mawaƙiya, daga nan mai gidan rawar, Grutter, ya gano su, har ya sace yaron Jo.

Daraktan, Jules Dassin, Ba'amurke ne da aka hana aiki a Hollywood saboda zargin kwaminisanci, kuma shi da kansa ya fito a César, wanda ya tona asirin abokansa. Da na san haka sai wajen da Tony ya harbe shi ya ƙara min nauyi. Dassin ya ci kyautar darakta a bikin fina-finai na Cannes a shekarar da fim ɗin ya fito.

Inda ban ji daɗi ba gaskiya shi ne dukan da Tony ya yi wa tsohuwar budurwarsa Mado da bel, ya ɓata min rai sosai, daga nan ban ƙara tausaya masa kamar da ba sai can ƙarshe, lokacin da yake tuƙa mota jini na zuba, yaron yana baya yana ta wasa da bindigar roba bai san komai ba.

In za ka kalla ka sa iyafis, ka kashe data, kar wani ya kira ka a tsakiyar fashin nan.