Gilashin Canon 50mm na hannu mai fumfuna: abin da na gani bayan wata uku

Na sayi gilashin kyamara samfurin Canon EF 50mm f/1.8 II na hannu a wani shago da ke Ikeja, kuma mai shagon bai ɓoye mini aibinsa ba, domin da kansa ya haska tocilar waya ta bayansa ya nuna mini wasu fararen zaruruwa sirara, kamar saƙar gizo-gizo, a gefen gilashin gaba daga ciki. Fumfuna ce. Tun 1990 aka fara ƙera wannan samfuri, ga shi kuma fumfuna tana yaɗuwa a duhu idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari, abin da Legas ba ta rabuwa da shi da damina.

Na fara gwada shi a wani taron suna a Agege. Hotunan da na ɗauka a inuwar rumfa sun fito tas, har ana iya ƙirga zaren aikin da ke wuyan babbar rigar mai gida, saboda ɗan tabon da ke gilashin gaba ba ya bayyana a hoto da siffarsa. Matsalar ta taso ne da na shiga ɗaki, inda mai jego ta zauna taga tana bayanta. Zaruruwan suka warwatsa hasken, baƙin mayafinta ya koma ruwan toka, fuskarta ta dusashe kamar an ɗauke ta cikin hazon hunturu. Gyara a kwamfuta ya dawo da launi, amma bai dawo da kaifin fuskar duka ba, kuma hoton da iyali suka fi so ke nan.

Na kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke. Zaruruwan sun tafi, sai dai sawunsu ya rage a wuri guda, domin fumfuna tana fitar da asid mai cin shafen da ke kan gilashi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Da a gilashin baya take, kusa da inda hoto ke sauka, da ɓarnar ta fi haka, kuma da ban saya ba.

A ganina ya dace da mai koyo wanda yawancin aikinsa a inuwa ne, muddin an rage masa kuɗi sosai. Ban yarda mai ɗaukar biki ya dogara da shi ba. Yanzu ina ajiye nawa a roba mai murfi tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, nesa da sauran gilasaina.