Mai PCOS, kafin ki kashe kuɗi a kemis ki duba kwanon cefane

Wata ƙawata mai PCOS, wato matsalar rikicewar sinadaran jikin mace da ke hargitsa al'ada da haihuwa, ta nuno min kwalbar inositol, wani sinadari da ake sha saboda matsalar, da ta saya wurin masu talla a Instagram, kuɗi masu yawa wallahi, amma da safe shayi da madarar gwangwani da burodi, rana farar shinkafa, dare tuwon semo, ga lemon kwalba a tsakani. Na ce mata 'yar uwa ai kina zuba ruwa ne a kwando.

Abin da ke faruwa a yawancin masu PCOS shi ne jiki baya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, sai ya riƙa fitar da shi da yawa, shi kuma insulin ɗin nan idan ya yi yawa sai ya tunzura wurin da ƙwan mace yake ya samar da sinadarin maza fiye da kima, daga nan ne al'ada take rikicewa, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje a fuska, yawan insulin ɗin kuma ya sa wuya ya yi baƙi kamar datti alhali ba datti bane. Duk abincin da ke harba suga sama da sauri yana ƙara wa wutar nan fetur.

To idan kin shiga kasuwa, semo da fulawa da farar shinkafa an cire musu dusa, da sun shiga ciki suna komawa suga nan take. Gero da dawa sun fi su, in dai ba a surfe su har sun yi fari tas ba, kuma suna da araha. Acha ta Filato tana da kyau, amma tana da tsada, ga yashi sai kin yi haƙurin rairaya, kuma ita ma sitaci ce, kar ki cika faranti don kin ji ana yabonta. Ni dai a wurina wake ne ya fi kowa cin kuɗinsa, yana riƙe ciki, suga baya tashi da sauri, ki yi alale ko ki dafa da alayyafo, ƙosai kam sai jefi-jefi saboda mai. Ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale da rama, miyar kuka da kuɓewa, su cika rabin faranti tuwo ya zama ɗan kaɗan. Zoɓo ba laifi idan ba a narka masa sukari ba, kunun zaƙi kuwa sunansa ya faɗa miki.

Ɓangaren magani, ƙa'idojin PCOS na duniya da aka fitar a 2023 sun ce babu wani tsarin abinci ɗaya da ya fi sauran, kuma hujjar amfanin inositol ba ta kai ƙarfin ta metformin ba, maganin ciwon suga da ake ba masu PCOS ma. Metformin ya fi araha, amma likita ne zai rubuta, yana iya kawo gudawa da tashin zuciya a farko, shan sa na dogon lokaci kuma yana rage bitamin B12. Idan kin dage sai inositol ki duba lambar NAFDAC a jiki. Shayin rage ƙiba da ake cewa yana "wanke mahaifa" kar ki ba shi ko sisi, zawo kawai zai sa ki.

Mai ƙiba idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta al'ada kan iya daidaita. Mai neman haihuwa kuma ta je wurin likitan mata a yi maganar letrozole, maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fita.