Lesin lissafin yamma a unguwarmu

Idan yaronku na shirin WAEC ko NECO kuma tambayoyin lissafi masu zuwa da labari ne ke rikita shi, lesin da wani malami ke yi a zauren gidansa bayan la'asar ya ci kuɗinsa.

Ɗiyata tana SS2. A littafinta na ga tambayar jirgin sama: ya ci kilomita 1,200 cikin awa 2 iska na tura shi, a dawowa awa 3 yana fuskantarta. Malam bai fara da x da y ba. Sai da ya sa su raba nisa da lokaci, suka samu 600 da 400, sannan ya tambaye su abin da ya bambanta gudun. Daga nan, in x gudun jirgi ne, y kuma gudun iska, x + y = 600, x − y = 400. A haɗa su, y ta ɓace: jirgi 500, iska 100. Yanzu da kanta take mayar da amsa cikin tambayar ta gwada.

Zauren dai ya yi kaɗan, na baya ba sa ganin allo, ga zafi in an ɗauke wuta. Ku tura naku da wuri ya samu bencin gaba.