Gwangwanin Kanti ko Garin Gida: Me Za Ki Ba Ɗan Wata Shida?

Da yaro ya cika wata shida nono kaɗai ya daina isarsa, sai uwa ta tsaya gaban kanti tana juya 'yan canjin da ke hannunta. Na yi wannan tsayuwar sau uku.

Kwastad ki bar shi inda kika gan shi: sitacin masara ne da kala da ƙamshi, ciki ya cika, jiki bai ƙaru ba. Taliyar leda da biskit kuwa gishiri da sukari ne. Madarar shayi ta ƙananan ledoji ba don jarirai aka yi ta ba.

Garin gwangwani irin su Cerelac yana da nasa amfani, don an ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin, kuma ba ya ɓata lokaci. Sai dai tsadarsa kan sa uwa ta tsinka shi ya zama ruwa-ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, amfanin ya tafi ke nan. A 2024 wata ƙungiyar Siwizalan mai suna Public Eye ta ba da rahoton cewa wani nau'insa da ake sayarwa a Nijeriya yana ɗauke da ƙarin sukari har giram 6.8 a kowane damu, sama da cokalin shayi ɗaya da rabi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada a ƙara sukari a abincin ƙananan yara.

Ni dai Tom Brown na riƙe, wato garin kunun hatsi da waken soya da gyaɗa, wanda nake haɗawa da hannuna. Awon ba wuya: gero ko dawa gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Ki jiƙa waken, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya kowanne daban har ƙamshi ya tashi. Waken da bai soyu ba kumburin ciki yake sawa. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna ki zubar, gubar da ke cikinta tana lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A wurin niƙa ki tsaya a kan mai inji ya share shi, na taɓa dawowa da gari mai yajin barkonon wata. Ki dama da kauri, yadda zai zauna a cokali, ki ɗan ɗiga manja ko ki zuba garin busasshen kifi. Zuma kuma sai ya shekara.

Yanzu maganar 'yan damfara. Na taɓa sayen gwangwani a wani shago da araha, ɗiyata ta kwana uku tana zawo. Da na kai gindin gwangwanin gaban haske, ashe an kankare kwanan watan lalacewa an buga sabo a kai. Tun daga ranar nake murza rubutun da yatsa, in duba lambar NAFDAC, in tabbatar takardar bakin ba a taɓa ɓanɓare ta ba. Gwangwanin da ya lotsa ko ya yi tsatsa ba na ɗauka ko kyauta ne.

Tom Brown ɗin ma bai tsira ba. Wanda ake ƙullawa a leda a kasuwa, wani lokaci masara ce zalla da ɗan ƙamshin gyaɗa. Haka abincin ledar nan na yara masu tamowa da ake bayarwa kyauta a asibiti: an rubuta a jikinsa ba na sayarwa ba ne, duk wanda ya kasa shi a faifai rabon wani yaro mara lafiya ya karkatar. In kin ga dantsen ɗanki yana ramewa, ki kai shi a auna da igiyar nan mai ja da rawaya da kore.