Daɓe a kan kumfa: yadda ake tare sanyin ƙasa a Ingila idan wuri ya yi kaɗan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaye ni abin da ya bambanta aikin daɓe a nan Ingila da wanda ka saba. Bambancin yana ƙarƙashin daɓen ne, inda ido ba ya gani.

A nan galibi ba a zuba daɓe kai tsaye a kan kankare a ƙasan gidan zama. Sai an shimfiɗa leda mai kauri don tare danshi, a jera allunan kumfa masu hana sanyi ratsowa, a sake rufe su da leda, sannan daɓe ya hau. Ana kuma zagaye gindin bango da siririn kumfa, don ta nan ɗumi ya fi sulalewa. A sabon gini wannan ba wuya. Tsohon gida ne matsala, inda ƙofofi da matakala suka riga suka zauna, kuma wataƙila milimita 100 kacal gare ka tsakanin kankare da bakin ƙofa.

To a nan ake gane kaya. Kowane allo yana zuwa da lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa shi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Farin kumfa, irin wanda ake kare firji da shi a cikin kwali, yana wajen 0.038. Allon PIR, wani kumfa mai tauri mai fuskar alminiyam, wanda kamfanoni irin su Kingspan ke yi, 0.022 ne. Wato milimita 60 na PIR zai yi aikin kusan milimita 100 na farin. Akwai kuma allon da aka zuƙe wa iska aka liƙe, mai 0.007, wanda milimita 20 nasa ke daidai da wancan 60. Tsada gare shi ƙwarai, ba a yanka shi, kuma ƙusa ɗaya ta huda shi ya tashi daga aiki. Ni ban cika son a kai shi inda ma'aikata ke kai da komo ba, sai in babu wata hanya.

Abin da na fi so ka lura da shi: idan wuri ya ƙure, daɓen ake ragewa, ba kumfan ba. Daɓen yashi da siminti a kan kumfa yana buƙatar milimita 65 a gidan zama, in ya gaza haka sai ya tsage. Amma akwai daɓe na ruwa-ruwa da ake haɗawa da sinadarin jibsin, mota ta kawo shi a tura ta tiyo, ya baje da kansa. Milimita 35 zuwa 40 ya ishe shi. A cikin milimita 100 ɗin nan, na farko ya bar maka 35 na kumfa, na biyu ya bar maka 60. Sharaɗinsa haƙuri: yana bushewa kimanin milimita ɗaya a rana, kuma sai an goge fuskarsa an shafa masa magani kafin tayil ya kama. Masu gaggawa su ne tayil ɗinsu ke ɗagowa.

Ta fuskar hidima kuwa, abin ya burge ni. Ka ba kamfanin allon faɗin ɗaki da tsawon bangon da ke fuskantar waje, su lissafa maka kaurin da ya dace. Dokar gini ta Ingila, sashen L, tana neman a kai 0.25 a ma'aunin ɗumin da ke fita ta ƙasan ɗakin gaba ɗaya (ba lambar allo ba) idan ana gyaran tsohon daɓe, kuma jami'in duba gini yakan zo ya ga kumfan kafin a rufe shi. Dokar ta yarda a sassauta idan ɗaga ƙasan zai ɓata daidaito da sauran ɗakuna, amma sai ka nuna masa cewa ka sa mafi kaurin da wurin zai ɗauka.