Girkin Guangzhou na Asali: Sharhin Baƙon da Ya Zauna Ya Ci

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya sukan shafe shekaru suna kai-komo ba tare da sun taɓa ɗanɗana girkin mutanen garin ba. Suna sauka a unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, su ci shinkafa da miya a wurin 'yan Afirka masu dafa abinci, ko su shiga gidajen abincin Larabawa da Turkawa, wasu ma da garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji suke tafiya a jaka. Ban ga laifinsu ba, domin tsoron da ke ransu yana da tushe. Girkin lardin Guangdong na kudancin ƙasar Sin, inda Guangzhou yake, ya dogara ƙwarai da naman alade da kitsensa, kuma ana zuba giyar shinkafa a nama da romo ko da ba a rubuta hakan a takardar jerin abinci ba. Sai dai wannan taka-tsantsan ya sa muna barin abin da ya halatta gare mu, alhali yana nan kusa, a birnin da Musulmi suka haura shekara dubu suna zaune a cikinsa.

Na je garin ne a lokacin baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun daga 1957, kuma ɗan wani amininmu da ke karatu a can shi ne ya yi mini jagora. Mun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1, muka sauka a tashar Ximenkou, daga nan tafiya kaɗan ce a ƙafa zuwa titin Guangta, inda masallacin Huaisheng yake da tsohuwar hasumiyarsa mai tsawon kimanin mita 36. Ana danganta kafuwarsa da zamanin daular Tang, ɗaya daga cikin tsoffin daulolin Sin, kuma a kewayensa ne ake samun mahauta da gidajen abincin Musulmi. Alamar da baƙo zai nema a ƙofa ita ce haruffa biyu na Sinanci, 清真, waɗanda ake karantawa qingzhen, wato halal, galibi a kan koren allo. Ya kamata mutum ya ajiye hotonsu a wayarsa, domin tambayar ma'aikacin gidan abinci ko akwai alade ba ta wadatarwa. Zai iya cewa babu, da zuciya ɗaya kuwa, saboda shi tsokar nama yake nufi, bai kawo man da aka soya abincin da shi ko ƙashin da aka dafa romon da shi a lissafi ba.

Akwai abin da ya kamata a bambance tun da wuri. Yawancin wuraren da ke ɗauke da wannan alama a Guangzhou ba abincin Guangzhou suke sayarwa ba. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda ake gani kusan a kowane titi, mutanen arewa maso yammacin ƙasar ne ke gudanar da su, akasari 'yan ƙabilar Hui daga lardunan Qinghai da Gansu. Taliyarsu tana da daɗi da araha: a gabanka mai girki zai ja curin kwaɓaɓɓiyar fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ta zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa, sannan a zubo maka ita cikin romon naman sa garai-garai da man barkono a sama. Haka nan gidajen 'yan Xinjiang suna da gasasshen naman rago da gurasa da shinkafa dafa-duka da karas, abincin da harshenmu ke karɓa nan take. Duka biyun na ci, kuma na yaba, amma wanda ya tsaya a nan ya ci abincin baƙi ne 'yan'uwansa. Girkin garin na ainihi wanda Musulmi suka dafa ya fi wuyar samu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wurin da muka shiga tsohon gida ne mai hawa, cike da tsofaffin unguwa da suka zo abin da suke kira shan shayin safe, wato zaman karin kumallo da ake jan sa har hantsi, ana hira ana kawo ƙananan kwanduna na gora ɗaya bayan ɗaya. Kafin komai an tambaye mu irin shayin da muke so, muka zaɓi pu'er, baƙin shayi mai ƙamshin ƙasa wanda ake sha ba madara ba sukari. Da aka kawo butar tare da wani kwano fanko, sai yaron ya ce da ni, “Baba, wannan na farko ba na sha ba ne, na ɗauraye kofi ne.” Ya zuba ruwan zafin a kan kofuna da cokula da sandunan cin abinci, ya juye a kwanon, kamar yadda kowa ke yi a teburan da ke kewaye da mu. Ya kuma nuna mini cewa idan wani ya zuba maka shayi sai ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a matsayin godiya, idan kuma buta ta ƙare sai ka ɗaga murfinta ka bar shi a karkace, ma'aikaciya za ta gani ta ƙara ruwa ba tare da an kira ta ba. Wannan ladabi ya burge ni, domin yana ba mutum damar yin godiya da neman buƙata ba tare da ya katse mai magana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan zama shi ne cheung fun. Ƙullin shinkafa ne mai ruwa-ruwa da ake shimfiɗawa siriri a faranti, a turara shi na ɗan lokaci, a naɗe da naman sa a ciki, sannan a kwarara masa ruwan ɗanɗano na waken soya mai ɗan zaƙi. Yana da santsi da laushi har yana zillewa daga sanda, kuma dole a ci shi da zafinsa, domin da ya huce sai ya yi danƙo. Bayansa aka kawo har gow, 'yan ƙunshin jatan lande a cikin fatar sitaci mai sheƙi, wadda ake hango jan naman ta cikinta. A sauran gidajen abinci ana cakuɗa shi da kitsen alade, shi ya sa samun na halal abin farin ciki ne. Curin niƙaƙƙen naman sa da aka turara da busasshen ɓawon lemo ma ya yi armashi, ƙamshin lemon ya kashe ƙarnin naman sarai. Faten shinkafarsu kuwa, wanda kaurinsa ya yi kusa da na kunun gyaɗa amma da gishiri da citta da yankan kifi, abinci ne da zan ba duk wanda tafiya ta ɓata wa ciki. Ƙafar kaza da aka dafa har ta yi luguf ita ce abin da tsofaffin teburin kusa da mu suka fi so, ni dai na ɗanɗana na bar wa yaron.

Da daddare muka koma domin abinci mai nauyi, kuma a nan ne na fahimci abin da masu girkin wannan yanki suke taƙama da shi. Mun nuna kifin da muke so yana iyo a cikin tankin gilashi, aka kamo shi, aka auna a gabanmu, aka shiga da shi. Ba a daɗe ba ya dawo ɗungurungum da kansa da wutsiyarsa, an turara shi kawai, an barbaɗa masa siraran yankan ɗanyar citta da lawashi, an kwarara tafasasshen man gyaɗa a kai, ga ruwan waken soya kaɗan a gindin faranti. Babu tumatir, babu attaruhu, babu dunƙulen ɗanɗano. Tsokar tana rabuwa da ƙaya da taɓawa ɗaya, fara fat, kuma abin da harshe ke ji shi ne zaƙin kifin kansa. Mu mun saba da girkin da kayan miya ke jagoranci, nama ko kifi ya bi baya. Su kuwa a wurinsu gwanintar mai girki ita ce ya samo abu sabo, ya san daidai lokacin da zai sauke shi, sannan ya janye hannunsa. Irin wannan girki ba ya rufa wa kowa asiri, domin kifin da ya kwana ba shi da inda zai ɓuya. Da muka cinye gefe ɗaya, yaron ya ɗage ƙashin bayan da cokali maimakon ya juya kifin, ya ce mutanen kudu da yawa ba sa son a juya shi, al'ada ce da ake dangantawa da masunta masu gudun kifewar jirgi.

Faffaɗar taliyar shinkafa da aka soya da naman sa da tsiron wake ita ma ta cancanci yabo. Ana soya ta a kasko mai zurfi bisa wuta mai tsananin ƙarfi, sai ta ɗauko wani ƙamshin hayaƙi, ba ta yi maiƙo ba kuma ba ta kakkarye ba. Ganyen choy sum da tafarnuwa ya zo kore shar, da sauran ƙarfinsa.

Inda na sha wuya shi ne kazarsu mai suna bai qie ji, wadda suke girmamawa har suna cewa biki ba ya cika sai da kaza. Ana dafa ta a ruwan da bai tafasa sosai ba, a tsoma ta a ruwan sanyi, a sare ta da ƙashinta, a kawo ta ba zafi, da ɗan kwanon dakakkiyar citta da lawashi da mai. Fatar tana da santsi, naman yana da taushi, amma ɓargon ƙashin yakan fito da ja-ja, kuma hakan suke so. Na san yanka ce ta halal, na kuma gane ƙwarewar da ke ciki, duk da haka ido ya hana ni sakewa. Wanda ya saba da kaza soyayya ko dafaffiya har ta saki ƙashi, gara ya nemi gasasshiyar agwagwa, wadda fatarta ke ƙaras-ƙaras kuma ta gasu har ciki.

Gidan yana da nasa naƙasu. Hayaniya ta yi yawa, kuma idan wuri ya cika za a haɗa ka tebur ɗaya da mutanen da ba ka sani ba. Babu mai jin Turanci ko Larabci a cikin ma'aikatan da suka yi mana hidima, jerin abincin kuma na Sinanci ne zalla, wasu da hoto wasu babu, saboda haka wanda ba shi da tafinta zai dogara ne da manhajar fassara a waya da nuni da yatsa. Ana cajin kuɗin shayi a kan kowane mutum ko ya sha ko bai sha ba, ana kuma saka kuɗin takardar goge hannu idan an buɗe ta, ƙananan kuɗi ne amma suna ba baƙo mamaki a takardar biya. Barkono sai an roƙa, kuma wanda aka kawo mana bai kai ko'ina ba. Kwandunan safe ƙanana ne, guda uku ko huɗu a ciki, don haka mai babban ci zai ga kuɗin sun taru fiye da na kwanon taliyar Lanzhou nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai abin da ake biya a manyan gidajen abincin Larabawa na garin ba. Kifi da nauyi ake sayar da shi, ya kamata a tambayi farashin kafin a kamo.

Ga wanda zai gwada, shawarata ita ce ya fara da zaman safe a ranar aiki, ya isa da wuri kafin tsofaffin unguwa su cika teburan, domin Asabar da Lahadi iyalai ne ke zuwa gaba ɗaya kuma layi yakan yi tsawo. Ya tafi da mutum biyu ko uku, tunda abincin na tarayya ne a tsakiyar tebur, kuma da yawan masu ci ne ake samun ɗanɗana abubuwa daban-daban. Ya tanadi Alipay ko WeChat a wayarsa, saboda da su kusan kowa ke biya, amma ya riƙe 'yan takardun yuan a aljihu. Sandunan cin abinci kada su hana kowa zuwa, ana ba da cokali idan an nema, kuma tsohuwar da ke teburin kusa da mu ita ma da cokali ta sha faten shinkafarta.