Tukunyar furesha mai lita 7 kafin Kirsimeti: inda take biyan kuɗinta da inda ba ta da amfani

Daga tsakiyar Nuwamba har zuwa 25 ga Disamba, gidan Kirista ma'aikaci a Zariya ba shi da yammacin da zai ce nasa ne. Ma'aikaciyar jinya da ke tashi daga Wusasa zuwa asibitin Shika, malamin makaranta a Sabon Gari da takardun jarrabawar zangon farko suka yi wa tuli, ma'aikacin ofis a Samaru ko Kongo, duk sai ƙarfe 4 ko 5 suke shigowa gida, kuma kafin su cire takalmi coci na jiransu. Ga addu'ar tsakiyar mako, ga taron Zumuntar Mata, 'yan kwaya sun ƙara ranakun koyon waƙa saboda sujadar waƙoƙin Kirsimeti, yara na gwajin wasan haihuwar Yesu, wasu majami'un kuma a wannan tsakanin suke bikin godiyar kaka. Girki ne ke shan kashi a wannan lissafi, shi ya sa taliyar yara da burodi da shayi ke zama abincin dare sau uku a mako.

Sharhin nan a kan tukunyar furesha ce, wato mai dafa abinci da matsin tururi, ta alminiyam mai cin lita 7, wadda ake ɗorawa a kan gas, irin da ake samu a shagunan kayan kicin na kasuwar Sabon Gari. Hukuncinmu a taƙaice: gidan da ke cin wake, ganda, ƙafar saniya, kayan ciki ko kazar Hausa aƙalla sau biyu a mako, ta cancanci kuɗinta. Gidan da abincinsa tuwo da miyar kuka da shinkafa ne kawai, gara ya ƙara kuɗin a kan buhun shinkafar biki.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin tafasa, ko da an ƙure wuta. A Zariya ma, da yake garin yana sama da mita 600 daga matakin teku, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 98, bai kai 100 ba. Idan aka kulle tururi bai fita ba, matsi na hawa, zafin ruwan ya haura zuwa tsakanin digiri 115 da 121 gwargwadon ƙirar tukunyar. Wannan ƙarin zafin ne ke narkar da jijiya da fata cikin kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba. Dabarar tsohuwa ce: wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera ta farko a 1679, kuma ƙashi yake son ya tausasa da ita. Har yau a nan ta fi ƙwarewa.

Sassanta biyar ne, kuma wanda bai san su ba kada ya kunna mata wuta. Akwai gangar jiki, akwai murfi mai kunnuwan da ke shiga cikin na tukunyar idan an murɗa, akwai robar da ke zagaye cikin murfin, akwai ɗan bututu a tsakiyar murfi da ake ɗora masa ƙarfen nan mai nauyi da ke huci, sannan akwai ƙaramin bawul na tsaro a gefe, wanda ke buɗewa ko ya narke idan bututun ya toshe. Irin na Indiya kamar Hawkins murfinsu ta ciki yake shiga, matsin da kansa ke riƙe shi, don haka ba ya buɗuwa sai tururi ya sauka. Masu murfin waje sun fi yawa a kasuwa kuma sun fi sauƙin wankewa.

Lita 7 da aka rubuta a kwali ba lita 7 na abinci ba ne, kuma nan ne mai saye ke fara jin an cuce shi. Nama da ruwansa ba sa wuce kashi biyu bisa uku na tukunyar. Wake da duk abin da ke kumfa ko kumbura ba sa wuce rabi. Wato kofi 4 na wake da kofi 8 na ruwa, da kofi mai cin rubu'in lita, shi ne kusan iyakarta. Wannan ya ishi gida mai mutum shida cin dare, har a rage na karin kumallo a kwanon makaranta. Bai ishi taron suna ba.

Lokaci ana fara ƙirga shi ne daga sa'ad da ƙarfen saman ya fara huci sosai, ba daga ɗora tukunya ba. A buɗe wuta sosai har ya fara, abin da ke ɗaukar minti 8 zuwa 12 idan tukunyar ta cika, sai a rage wutar ƙasa yadda hucin zai ci gaba a hankali. Masu barin wuta a sama suna ƙona gas a banza: matsin ba ya ƙaruwa, ruwan ne kawai ke gudu. Daga nan, farin wake na bana yana nuna luguf a minti 15, wanda ya kwana biyu a rumbu ko a shago sai 20 zuwa 25. Naman sa da na akuya minti 20 zuwa 25. Kazar Hausa ko tsohuwar kazar ƙwai, irin da ake rububi a makon biki, minti 20 zuwa 25. Tumbi da hanji minti 25 zuwa 30, ganda ma haka, sai dai mai kauri ta kan nemi ƙari. Ƙafar saniya, wadda ke cinye awa biyu da rabi zuwa uku a tukunyar gargajiya, minti 45 ne, ko 50 ga masu son ta saki ƙashi. Bayan an kashe wuta a ƙara minti 10 zuwa 15 na saukar tururi. Wanda bai sa waɗannan mintuna na hawa da sauka a lissafinsa ba zai makara zuwa addu'a, ya ɗora wa tukunya laifi.

Inda muka ga ta fi amfani shi ne girkin Asabar. A yi cefane da safe, a kai niƙan tumatir da tattasai da attarugu, a dawo kafin 11. Zagaye na farko ƙafar saniya ko naman miya da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri, da ruwa kofi 3 kacal, domin ruwa ba ya ƙonewa a cikinta kamar a buɗaɗɗiya. Wanda ya zuba ruwa yadda ya saba zai tashi da romo salam. A kwashe, a tace romon. Zagaye na biyu ganda da kayan ciki. A wanke tukunya da bututunta, zagaye na uku wake, da cokali ɗaya na mai a kai don ya kwantar da kumfa. A gefe guda kuma jar miya na soyuwa a tukunyar da aka saba. Kafin ƙarfe 3 an gama, mai zuwa koyon waƙa ya samu ya yi wanka. Romon a raba shi a ƙananan robobi, kowace ta miyar dare ɗaya, don ran Laraba a sauke guda a kaɗa kuka ko kuɓewa cikin minti 10. Wannan aiki ba sai uwargida ba. Maigidan da ya iya duba agogo ya iya shi, kuma gidan da mutum ɗaya ne kawai ya san kan tukunyar, ranar da uwargida take aikin dare an koma burodi.

Ajiya kuwa tukunyar ba ta warware ta. Sanyin hunturu na ruɗin mutane su bar dafaffen wake a kan tebur har washegari, kicin kuma ba firij ba ne. A baza abin da aka dafa a faffaɗan kwano ya huce, a sa a firij cikin awa biyu. Wake kwana 3 yake yi a firij mai samun wuta, fiye da haka sai firiza. Gidan da wuta ba ta zama a unguwarsu, su dafa na kwana biyu kawai, su sake wani zagayen ran Talata da dare. Kuma kada a bar abinci ya kwana a cikin tukunyar kanta: tsamin tumatir na cin alminiyam, ya bar ƙananan ramuka a gindinta.

Kanwa ma haka take mata, har ta fi. Tana baƙanta alminiyam, tana cinsa, tana kuma tayar da kumfar da ke toshe bututu. Dalilin jefa kanwa a wake shi ne ya yi saurin nuna, tukunyar kuwa ta riga ta ɗauke wannan aikin.

Abubuwan da ba ta iya ba suna da yawa, mai shago kuma ba zai lissafa su ba. Tuwo na son tuƙi, ba a tuƙi a rufe. Kunu, koko da faten tsaki ko na acca suna da kauri, suna kamawa a gindi, suna tofar da kumfa cikin bututu. Dafa-duka na ƙonewa a ƙasa kafin matsi ya hau, tunda ba damar juyawa. Kazar gidan gona mai laushi dagargajewa take yi. Alale yana yiwuwa a gwangwani a kan ɗan marfi da aka kifa a ƙasa, amma lokacin da ake ragewa bai taka kara ya karya ba. Suyar cincin ko nama a cikinta da murfi a kulle kuwa haɗari ne tsantsa, kada a gwada. Shinkafar ranar Kirsimeti da ake rabawa maƙwabta, Musulmi da Kirista, aikin babbar tukunya ce a kan murhu. Rawar da ta furesha za ta taka a ranar ita ce dafa naman tun jajibiri, zagaye biyu ko uku, a soya da asuba.

Matsalar da aka fi kawowa ita ce tururi na fita ta gefen murfi, ƙarfen sama ya ƙi huci. Kusan kullum roba ce: ko ta bushe ta tsage, wanda iskar hunturu ke gaggautawa, ko ta saki, ko ƙwayar wake ta maƙale a bakinta. A cire ta bayan kowane girki a wanke, a shafa mata ɗan man girki kaɗan, a ajiye murfin a kife a kan tukunyar maimakon a kulle. Mai amfani da ita kowane mako ya sa ran canza roba kusan duk shekara. In roba lafiya take amma yoyon bai daina ba, a duba bakin tukunyar, wataƙila ta faɗi ta lotsa, ko an riƙa buga mata ludayi.

Matsala ta biyu ta fi tsanani. Idan hucin ya tsaya cak alhali wuta na ci, ko dai bututu ya toshe ko ruwa ya ƙare. A kashe wuta nan take, kada a taɓa murfi. Rigakafinsa na daƙiƙa biyar ne: kafin a rufe, a ɗaga murfin a leƙa ta bututun a ga haske, in ba a gani ba a zura tsinken sakace. Idan bawul na tsaro ya narke, ya yi aikinsa ke nan, sabo ake saya a ɗaura. Masu kai wa mai walda ya toshe ramin, ko su ɗaura ƙusa a wurin, sun cire abu ɗaya tilo da ke tsakanin iyalinsu da fashewa. Mai sauri zai iya kai tukunyar bakin famfo ya zuba ruwan sanyi a gefen murfi, ba a kan bututu ba, matsin ya sauka cikin minti ɗaya ko biyu, amma ban da wake, wanda ke fashewa ya yi feshi idan aka gaggauta shi. Murfin da ya ƙi murɗuwa yana faɗa muku akwai sauran tururi, ba ƙarfi yake nema ba. Kuma ba tukunyar da za a ɗora a tafi sujadar safe ba ce, ko a bar wa yaro ɗan firamare ya kashe.

A kan risho tana aiki, sai dai ta daɗe kafin ta hau. A kan gawayi rage wuta na da wuya, harshen zafin kuma na cin mariƙinta. Ta lantarki mai lita 6 ta fi kwanciyar hankali, tana kashe kanta ta riƙe abinci da ɗumi, amma tana jan wajen wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar girki sai a jira matsi ya sauka a juye a wata tukunyar. Ga yawancin unguwannin Zariya ta gas muka zaɓa.

Wajen saye, a ɗaga ta a ji nauyi, mai sirin gindi na kama abinci. A murɗa murfin a gani ko yana shiga ba tare da kokawa ba, a girgiza mariƙi, a tabbata ƙarfen sama da takardar bayani na cikin kwali. Sannan a tambayi mai shago ko yana da robarta da bawul ɗinta daban. In ya ce babu, a wuce shago na gaba, komai kyan farashin. A sayi roba ta biyu a ranar, domin faɗin murafe ya bambanta, na santimita 22 ba ya zama a na 24, kuma neman roba a kasuwar Sabon Gari ran 24 ga Disamba ba aikin mai azanci ba ne. Da an kai gida a fara gwada ta da ruwa kofi 3 zalla na minti 10, a ji yadda hucinta yake, kafin a amince mata da kazar biki.